Rabin Nas

A garin Tallow Creek, in ka ambaci sunan Lanette Boykin, na kusa da kai zai taɓe baki tukuna sannan ya ce, "Wadda ta kai uwarta gidan tsofaffi?" To, ita ce. Doguwa ce siririya, mai sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta, kullum cikin shuɗin kayan aiki da farin takalmin roba. Ba ta gaida kowa, in an gaishe ta kuma ɗaga haɓa ne amsarta. Mutanen gari sun ce girman kai ne. Ita kuwa ta ce mutanen garin ne suka ishe ta, kuma ba a bayan idonsu take faɗa ba.

'Ya'ya biyu Mama Ozella ta haifa: Darnell, sai Lanette. Mijinta ya rasu yaran suna ƙanana, ta raine su da albashin mai girki a makarantar firamare, har ta mallaki gidan katako mai ɗaki uku a layin bayan coci. Tun suna yara kowa ya san ɗan gaban goshi. In Darnell ya fasa kofi, Lanette ce ta ajiye shi a bakin teburi. In ya faɗi jarrabawa, malamin ne ba ya son sa. Cinyar kaza tasa ce, wuya da fiffike na Lanette. Ya girma ya zama mutum mai daɗin baki da yawan dariya, yau wankin mota, gobe yankan ciyawa, jibi ciwon baya. Da ya auri Shondra suka tare a ɗakin baya na gidan Mama, wai kafin su samu nasu. Shekaru suka yi ta wucewa, ba a sake jin zancen nasun ba.

Lanette kuwa tana gama sakandare ta shiga mayankar kaji, inda rabin garin ke cin abinci. Shekara goma sha ɗaya tana tsaye a layi cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, wuƙa a hannu, kaji na wucewa a rataye ba su ƙarewa. Tana can ta yi aure, tana can auren ya mutu ya bar mata 'ya ɗaya, Imani. Wuyan hannunta ya fara ciwo, har ta kai da safe ba ta iya murɗe murfin kwalba. Ranar da ta ga an sallami wata tsohuwar ma'aikaciya da yatsu a ƙandare, ta tashi daga aiki ta shiga tsohuwar motarta, ba ta zame ko'ina ba sai kwalejin gunduma.

Matar da ta karɓe ta a ofis, bakinta kamar an shafa masa zuma.

"Shekara ɗaya tal, 'yar uwa. Ki fito da takardarki, ki ci jarrabawar lasisi, aiki ne zai riƙa nemanki. Kin taɓa ganin nas tana yawon neman aiki?"

Ba ƙarya ta yi ba, sai dai ta faɗi rabi ta haɗiye rabi. Tallafin gwamnati ya ɗauke kuɗin makaranta kusan duka. Amma tallafi ba ya biyan haya, ba ya zuba mai a mota, ba ya saya wa yarinya takalmi, karatun kuma ba ya barin mutum ya yi cikakken aiki. Sai rance. Lanette ta sa hannu tana cewa a ranta, shekara ɗaya ai kamar gobe ce.

A zango na biyu ta faɗi darasin magunguna da maki biyu. Dokar makarantar ita ce, wanda ya faɗi sai ya jira baɗi. Ta koma mayanka da kunya, tana shiga ana cewa, "A'a, likita ta dawo! Ku ba ta wuƙa ta yi wa kaji tiyata." Ta cije, ta sake komawa kwaleji, ta sake cin rance. Shekara ɗayar da aka yi mata alkawari ta zama biyu da ɗoriya, bashin ya tasam ma dala dubu goma sha shida.

Ranar da aka yaye su an kunna musu kyandir, an maƙala wa kowace 'yar alama a ƙirji. Mama Ozella ta zo da babbar hularta ta zuwa coci. Da aka fito wajen ajiye motoci, Darnell ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya kamar mai duba jabun kuɗi.

"To yanzu ke nas ce ko kuwa?"

"Ga takarda a hannunka."

"A'a, tambaya nake. Shondra ta ce nas iri biyu ce. Akwai ta gaske, mai digiri, wadda ke babban asibiti. Akwai kuma irinku, masu wanke wa tsofaffi ɗuwawu. Ke wacce ce a ciki?"

"Darnell, ka kiyaye ni."

"Rabin nas ke nan! Mama, kin ji? Rabin nas kika haifa. Da an ƙara kuɗi da an ba mu cikakkiya."

Mama Ozella ta yi dariya har tana dafe hula. "Kai dai Darnell ba ka da dama."

Dariyar nan ce ta tsaya wa Lanette a rai, ba maganar wan nata ba. Sunan kuwa ya kama ta kamar ƙaiƙayi. Kafin sati ya zagayo, har a shagon aski ana cewa Rabin Nas.

Babban asibitin birni ya ce masu digiri yake nema. Gidan tsofaffin da ke bakin babban titi kuwa, a ranar da ta je ya ɗauke ta, dala ashirin da ɗaya a awa. Aka ba ta ɓangare mai tsofaffi talatin. Tana tura keken magani ɗaki-ɗaki: awon suga, awon jini, allura, wankin gyambo. Wannan ya tofa mata yawu, waccan ta kira ta ɓarauniya, wata tana kuka tana neman mijin da ya mutu tun ba a haifi Lanette ba. Ta iya aikin. Hannunta ba ya rawa, ba ta ƙyamar komai, ba ta taɓa musanya ƙwayar wani da ta wani ba. Lallashi ne dai ba ta da shi. In tsoho ya ƙi shan magani sai ta tsaya masa a ka, ta harɗe hannu, har ya gaji ya haɗiye.

Albashin ya fi na mayanka nesa ba kusa ba, amma a takarda. In an cire haraji da inshorar lafiya da haya da na mota da na masu rance, abin da ke ragewa bai taka kara ya karya ba. Ta so ta koma ta yi digirin, sai ta ga wani bashin ne a kan wani, ta ce sai baɗi, baɗi ta zo ta ce sai wata baɗin. Dangi ba su san wannan ba, ko kuma sun sani sun ƙi sani. A wurinsu Lanette ta faso gari. In ana zolaya rabi ce, in an zo roƙo cikakkiya ce. Yau tayar motar Darnell ta fashe, gobe za a yanke wa Mama wuta, alhali shi da matarsa ke kwana da na'urar sanyaya ɗaki. Ta bayar sau ɗaya, ta bayar sau biyu, har ta daina ƙirgawa.

Shekarar da injin motarta ya buga, ta yi watanni ba ta biyan rancen. Kuɗin ruwa ya hau, wayarta ba ta hutawa, a ƙarshe aka riƙe rarar harajin da gwamnati za ta mayar mata, wadda take jira don saya wa Imani gado. Ba wanda ya ce mata ga nawa. Daga nan ta zuge jakarta, ta zuge fuskarta.

"Ɗan uwanki ne fa," in ji Mama, ranar da Darnell ya dawo daga gidanta hannu rabbana.

"Ɗanki ne, Mama. Ke ki ba shi."

"Tun da kika sa wannan shuɗin kaya ba ki ganin kowa da gashi."

"Ina ganin sa. Shi ya sa na hana."

Haka aka zauna, ba gaba ba shiri, har wata Asabar da matan coci ke soya tarwaɗa don tara kuɗin gyaran rufi. Mama Ozella tana tsaye bakin kasko, sai cokali ya suɓuce daga hannunta, ta zame ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ɓangaren dama ya tafi, baki ya karkace, magana sai ɗai-ɗai da ƙyar. Da asibiti ya sallame ta aka dawo da ita gida, aka kira taron dangi ranar Lahadi bayan an taso coci. Akwai Anti Pearlie, ƙanwar Mama, akwai Fasto Whitlow. An cika teburi da soyayyar kaza da dafaffen ganye da burodin masara da shayi mai ƙanƙara. Mama na kwance a ɗaki, ƙofa a buɗe, tana jin komai.

Anti Pearlie ce ta buɗe. "Allah mai hikima. Ya san wannan rana na tafe, shi ya sa ya ajiye mana nas a gida."

"Abin da na ce ke nan," in ji Darnell, bakinsa cike da kaza. "Lanette ta ajiye aikin nan ta dawo. Ga ɗakinta na da. Babu haya, babu komai."

Lanette ta ajiye cokali mai yatsu a hankali. "Yau kuma na cika? Yaushe aka kawo ɗaya rabin ban ji ba?"

"Ba lokacin wasa ba ne."

"Ba wasa nake ba. In na ajiye aiki wa zai biya bashina?"

"Ana maganar uwa kina maganar bashi!"

"Masu bashin ba su da uwa, Darnell. Kai da ke kwana a gidan nan kana tashi a gidan nan, me ya same ka?"

"Ni namiji ne. In ga tsiraicin uwata?"

"Shondra fa?"

Shondra ta dafa kwankwaso ta yamutsa fuska. "Kin san bayana. Likita ya hana ni ɗaukar nauyi."

"Amma bai hana ki ɗaukar tukunyar Mama daga kan murhu zuwa ɗakinku ba."

Shondra ta miƙe, Anti Pearlie ta jawo ta ta zaunar. Fasto Whitlow ya gyara murya. "Sista Lanette, uwa ɗaya ce. Aiki kuwa in an rasa wani ana samun wani."

"Fasto, coci za ta riƙa biya na abin da ake biya na a awa? In za ta biya, gobe na ajiye."

Fasto ya ɗauki kofinsa ya yi ta kurɓar shayi.

A ƙarshe aka tsayar da cewa Lanette za ta riƙa zuwa da safe kafin aiki ta yi wa Mama wanka, in ta taso kuma ta biyo. Tsakanin nan Darnell da Shondra su ba ta abinci, su canza mata ƙunzugu, su riƙa juya ta don kada jikinta ya ci. Lanette ta nuna musu yadda ake yi, ta sake nunawa. Darnell ya ce, "Wannan ai ko yaro ya iya."

Makonni suka wuce. Lanette ta rame, idanunta suka zurma. Ta ga wani jan tabo a ƙugun Mama, ta yi magana, aka ce tana neman faɗa. Tabon ya yi duhu, ta sake magana, Darnell ya rantse yana juya ta har hannunsa na ciwo. Wata rana aka rage musu awanni a wajen aiki, ta taso tun rana na tsaka. Ta tarar da ƙofa a kulle, talabijin na ta ihu. Mama na kwance a ɓarin da ta bar ta da safe, sharkaf da fitsari, kunun masarar da ta dama mata ya daskare a kwano, ƙudaje na bi. Jikinta zafi zau. Da ta ɗaga zanen gado, tabon ya fashe, yana wari.

Motar asibiti na fita daga layin, sai ga Darnell da sandar kamun kifi a kafaɗa da bokiti a hannu.

"Yanzun nan na fita! Shondra ce ta ce za ta..."

Lanette ta karɓe bokitin ta watsa masa a ƙirji, ruwa da kifi da komai. Maƙwabta na tsaye a barandunsu suna kallo. Abin da suka gani ke nan, shi kuma suka riƙa faɗa: ta watsa wa wanta ruwan kifi a bainar jama'a. Ba wanda ya shiga ɗakin ya ga zanen gadon.

Likita ya ce gyambon ya ruɓe, kuma ba zai sallame ta zuwa gidan da babu mai tsaya mata dare da rana ba. Akwai gado a gidan tsofaffin da Lanette ke aiki. Aka kawo takarda. Darnell ya tare ƙanwarsa a barandar asibiti, ya riga ya yi tambaye-tambayensa.

"Kin san abin da za su yi? Gwamnati ta biya kuɗin gadon, ranar da Mama ta rufe ido su zo su sayar da gidanta su cire nasu. Gidan da ta ƙare rayuwarta a bakin murhu kafin ta mallaka! Mu kuma ina kike so mu nufa?"

"Ashe gidan ne ba shi da lafiya. Ni na ɗauka Mama ce."

"Ke dai ba ki da imani."

Ta miƙa masa biro. "Ga shi. Rubuta cewa kai za ka kula da ita dare da rana, ka sa sunanka. Yanzu a mayar da ita gida."

Ya dubi biron kamar an miƙo masa maciji. Ya zuba hannu a aljihu. Ita ta sa hannu.

Ranar da aka shigo da Mama Ozella a keken guragu, abokan aikin Lanette sun fito tarbarta. Tsohuwar ta dubi bangon, ta dubi gadon ƙarfe, ta dubi 'yarta cikin shuɗin kaya. Ta tattara duk ƙarfin da ya rage a harshenta.

"Mu... gu... wa."

Kowa ya ji. Lanette ta gyara mata bargo a ƙafa, ta ce wa Bernice, mai taimakon da ke kula da ɗakin, "A riƙa juya ta kan lokaci. Ba ta son ruwan sanyi a wanka." Ta koma ɓangarenta, don dokar gidan ba ta barin nas ta riƙe uwarta.

In ta samu hutun cin abinci sai ta leƙo. Mama na ganin ta sai ta datse baki, ta juya fuska bango. Daga hannun Bernice za ta ci, daga hannun kowa za ta ci, ban da na Lanette. Maganarta ta ɗan dawo, abin da ta fara gaya wa maƙwabciyar gadonta shi ne ɗa ɗaya gare ta. Gyambon ya warke, ta yi ƙiba, fatarta ta yi kyau. Ba wanda ya kawo wannan zancen a gari. A coci, in Lanette ta zauna sai matan benci su matsa. Wata Lahadi wata dattijuwa ta miƙe tana addu'a da ƙarfi, Allah ya shiryi 'ya'yan da ke zubar da iyayensu kamar tsohon takalmi, aka amsa da amin mai kauri. Lanette ta ɗauki jakarta ana tsakiyar addu'ar, ta bi ta tsakiyar cocin ta fice, takalminta na ƙara. Ba ta sake taka ƙofar ba sai ranar jana'izar uwarta.

Darnell kuwa duk Lahadi yana zuwa, cikin kwat, da fara'a, yana gaida kowa da suna. Mama na jin muryarsa sai fuskarta ta washe. Ba ya zuwa hannu wofi: kek ɗin dankali mai sukari, lemon kwalba, alewa. Mama na da ciwon suga, haɗiya kuma na yi mata wuya tun da ta faɗi. An gaya masa, ya ce tsohuwa ba ta da sauran daɗi a duniya sai wannan. Wata Lahadi Lanette ta shigo ta same shi yana ɗura mata kek da cokali, tana tari, idanunta na hawaye, shi kuma yana cewa, "Ƙara ɗaya, Mama, kafin 'yar sanda ta zo."

Ta fizge farantin ta jefa a kwandon shara. Mama ta cafko wuyan hannunta da hannun hagu, tana gurnani. Lanette ta ɓamɓare yatsun ta janye. Fatar tsoho kamar takarda take: nan da nan bayan hannun Mama ya yi shuɗi. Darnell ya zaro waya ya ɗauki hoto.

Ranar Talata aka kira Lanette ofis. An kai ƙara hukumar jiha cewa wata nas na dukan uwarta. Aka karɓi katin aikinta, aka ce ta zauna a gida ba albashi har a gama bincike. Ta san abin da ke kan faifai: in aka kama ta da laifi lasisin ya tafi, ita kuma ta koma mayanka da bashin takardar da ba ta da amfani. Mai binciken ta zo, mace ce mai sanyin murya, ta zauna bakin gadon Mama, Bernice na tsaye.

"Mis Ozella, 'yarki ce ta ji miki wannan ciwon?"

"E."

"Da gangan?"

Mama ta dubi taga. "E."

Bernice ce ta tsaya kai da fata, ta faɗi abin da ta gani, ta nuna awon sugan Mama na kowace Litinin bayan zuwan Darnell. Aka wanke Lanette. Amma an ci mata makonni uku ba ko sisi, ta sake makara a biyan rance, wayar ta sake tashi. Da ta dawo aiki Bernice ta so ta ɓoye mata amsar da Mama ta bayar, Lanette ta matsa har ta faɗa. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce, "To." Daga ranar ba ta sake tsallake ƙofar ɗakin ba. Takan tsaya daga bakin ƙofa ta dubi ƙugun, ta dubi dunduniyar, ta tambayi Bernice abin da aka ci, ta wuce. Uwa da 'ya suna ƙarƙashin rufi ɗaya fiye da shekara, ba wadda ta ce wa wata kanzil.

Mama Ozella ta cika wata safiya da bazara. Lanette na ɗaya ɓangaren tana yi wa masu suga allura, Bernice ta zo ta raɗa mata. Ta tsaya cik, sirinji a hannu. Sai ta ce, "Saura mutum shida, kuma babu mai karɓa ta." Ta gama da su sannan ta tafi. Wannan ma ya fita gari, aka ƙara a kan sauran: an ce mata uwarta ta mutu, ko gezau.

A jana'iza Darnell ya faɗa kan akwatin gawa, sai da maza biyu suka ɗaga shi. Da aka ba shi dama ya yi magana, ya ce abu ɗaya uwarsa ta roƙa a duniya, ta mutu a gadonta, aka hana ta. Coci ta ɗauki "Kaico." Lanette na zaune a benci na gaba, Imani a gefenta cikin kakin soja, ta zo daga Texas. Rabin kuɗin akwatin da yake kuka a kai, a katin bashin Lanette yake. A wajen cin abinci Anti Pearlie na zuba wa mutane, da layi ya zo kanta sai ta ajiye ludayi ta juya baya. Lanette ta ɗauki ludayin ta zuba wa kanta, ta cika faranti, ta zauna a tsakiyarsu ta cinye tas, tana kallon duk wanda ya kalle ta har ya sunkuyar da kai.

An sayar da gidan. Gwamnati ta cire nata, ɗan abin da ya rage aka raba biyu. Darnell da Shondra suka koma wata tsohuwar tirela da aka mayar gidan zama a filin dangin Shondra, bayan gari. Kason Lanette ta tura wa masu rance gaba ɗaya, bai kashe bashin ba, ya dai rage masa tsawo. Imani ta yi ta roƙonta ta tattara ta koma Texas, can ana biyan nas da kyau. Ta ce in ta tafi za su ce sun kore ta.

Shekaru suka shuɗe, wa da ƙanwa in sun haɗu a gidan mai kowa ya dubi famfonsa. Sai wata la'asar ta taso aiki ta tarar da Shondra jingine da motarta, ta tsufa, ta faɗa.

"Ƙafar Darnell ce. Ya taka ƙusa tun watan jiya. Ya ƙi zuwa asibiti. Ki zo ki duba, don Allah."

"Ku nemi cikakkiya."

"Lanette, ba mu da kowa."

Lanette ta zaro makulli daga jaka. Sannan ta buɗe mota ta ce, "Shiga."

Tun daga ƙofar tirelar ta ji warin. Darnell na kishingiɗe, ƙafar a kan matashi an naɗe ta da tsohon tawul, kwalbar lemo a gefensa. Shi ma sugan ya kama shi. Bai gaishe ta ba, ba ta gaishe shi ba. Ta sa safar hannu ta kwance tawul ɗin. Yatsu biyu sun yi baƙi.

"Asibiti. Yau, ba gobe ba."

"Ki dai wanke ki ɗaure. Ba aikinki ke nan ba?"

"Wannan ya wuce wanki. In ka kai sati za su yanke."

"Su yanke? Haka kike so. Ki kai ni a kwantar, kamar yadda kika yi wa Mama. To ba ni da gidan da za ki sa a sayar."

Ta cire safar ta jefa masa a cinya. "Ƙafarka ce. Ni da tawa na zo, da ita zan koma."

Bai je ba sai da zazzaɓi ya kayar da shi, bayan kwana goma. Suka yanke yatsun biyu. Da ya fara fita da sanda, zaman shagon aski ya dawo, yana gaya wa duk mai kunne cewa ƙafarsa lafiya lau take har ranar da ƙanwarsa ta zo ta yi mata baki. Ta ce za a yanke, aka yanke. Wasu suka yi dariya, da yawa suka yarda.

Bernice ce ta kawo mata labarin, suna tsaye a baranda, Lanette na ƙirga ƙwayoyi cikin ƙananan kofuna. Ba ta ɗago ba.

"Ki aika masa cewa saura yatsu takwas," ta ce. "Ya ci gaba da shan lemon kwalba. Bakin nawa yana nan."

Ta kulle aljihun keken maganin, ta tura shi ɗaki na gaba, inda wani tsoho ya riga ya fara zaginta tun bai gan ta ba.